Da mudu ɗaya ake auna matasan pank da dattawan rok?

Wani matashi da ke son fara rubuta sharhin waƙoƙi da Hausa ne ya aiko da tambaya. Ya ce yana sauraron kiɗan rok, wato kiɗan Turawa na jita da ganga, da reshensa pank, kuma yana so ya riƙa rubuta ra'ayinsa duk sa'ad da sabon kundi ya fito. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, a mako guda sai yaran da ba su wuce shekara 25 ba su saki kundi, dattawan da sun yi jika da su su ma su saki nasu. Shin da mudu ɗaya zai auna su, ko kowa da nasa?

Ɗan'uwa, mudun ɗaya ne, shi ne kunnenka da gaskiyarka ga mai karatu. Abin da ya bambanta shi ne tambayar da kake riƙe da ita a zuciya lokacin da kake sauraro. In matasa ne, ka tambaya: a cikin wannan abu da suka kaɗa, wanne ne nasu na kansu? In dattawa ne, ka tambaya: me ya mayar da su sutudiyo a yanzu, alhali ba suna suka rasa ba, ba kuma kuɗi ba? Na daɗe ina bibiyar sharhin da ake yi a wannan fage, kuma wanda ya lalace a cikinsa ta hanya biyu yake lalacewa: ko an yi wa yaro rangwame saboda ƙuruciyarsa, ko an yi wa babba kara saboda sunansa. Mu da muka tashi cikin al'adar kara, ta biyun ta fi saurin kama mu.

Bari in fara da pank, domin nan sabon mai sharhi ya fi yin tuntuɓe. A farkon shekarun 1970 kiɗan rok ya yi ƙiba. Waƙa ɗaya takan kai minti 15 ko 20, makaɗin jita ya yi ta nuna gwaninta shi kaɗai, ana wasa a manyan filaye, mai kallo yana can nesa yana hangen dandali. Sai ga Ramones daga birnin New York a 1976 da kundinsu na farko: waƙa 14 cikin minti 29, an ɗauke shi da kuɗin da bai kai dala 7,000 ba. A Ingila, The Damned suka fitar da faifansu na farko a Oktoban wannan shekara. A Janairun 1977 Buzzcocks na Manchester suka buga nasu ƙaramin faifai da kuɗin da suka ranto wurin dangi da abokai, babu wani kamfani a bayansu, sannan The Clash da Sex Pistols suka biyo da kundayensu kafin shekarar ta ƙare. Saƙon da suka kawo shi ne ba sai ka ƙware ba kafin ka hau dandali. In kana da abin faɗa, ɗauki jita ka faɗa.

Saboda haka duk wanda ya ɗauki kundin pank ya fara ƙorafin cewa mawaƙin ihu yake yi, ko jitar ba ta da tsafta, bai san inda ya shigo ba. Amma akwai ɗaya gefen, shi ne kuma aka fi mantawa. Daga 1976 zuwa yau shekara wajen 50 ke nan. Abin da ya fara da tawaye ya zama gado, da ƙa'idojinsa, da suturarsa, da askinsa. Yaron da ya juya sautin jita uku da gudu a yau ba tawaye ya yi ba, abin da ya tarar ya maimaita. Gudu da ƙara kaɗai ba sa jawo yabo.

Ni da ganga nake farawa. A pank, makaɗin ganga ne ke ɗauke da nauyin kowa, tunda jitar ba ta da adon da zai rufa masa asiri. Ka saurara ko tura waƙar yake yi gaba, ko kuwa bin ta yake a baya yana haki. Akwai ƙungiyar da ke gudu domin waƙar ce ta nemi gudu, akwai kuma wadda ke gudu domin in ta sassauta za a gane babu komai a ciki. Hanyar rarrabe su ba wuya: ka kashe waƙar, ka tashi ka kama wani aiki. In can an jima ka ji amshin yana dawo maka a baki ba ka kira shi ba, to akwai waƙa a ƙarƙashin hayaniyar. Ramones ba su taɓa ɓoye ƙaunarsu ga waƙoƙi masu daɗin kari na shekarun 1960 ba, irin na Beach Boys da na ƙungiyoyin 'yan matan wancan zamani. Gudu da ƙara kawai suka ƙara musu. Shi ya sa har yau ake rera waƙoƙinsu, aka manta da yawa daga waɗanda suka fi su ihu.

Sai murya, musamman lafazi. Shekara da shekaru mawaƙan Birtaniya da na Ostareliya suna lanƙwasa harshe su yi waƙa kamar Amurkawa, kuma ɗaya daga cikin alheran pank shi ne ya ba mutum damar waƙa da bakin unguwarsu. Lokacin da Fontaines D.C. suka fitar da Dogrel a 2019, abin da ya fara kama kunne shi ne yadda mawaƙinsu Grian Chatten ke furta kalmomi da lafazin Dublin tsantsa, yana kawo ruwan saman garin da direban tasinsa cikin baitoci. Amyl and the Sniffers sun haɗu a Melbourne a 2016, suka rubuta ƙaramin faifansu na farko suka ɗauke shi cikin sa'a 12. Mawaƙiyarsu Amy Taylor da Turancin talakan Ostareliya take waƙa, kuma abin da take faɗa nata ne: mai gadin ƙofar da ya hana ta shiga wurin wasa, tsoron da mace ke ji in tana tafiya ita kaɗai da dare. Kiɗan kansa ka taɓa jin danginsa wurin AC/DC na farko-farko da tsofaffin ƙungiyoyin ƙasar. Muryar da labarin ne ba ka taɓa ji ba, kuma a nan amsar tambayarmu ta farko take.

Fushi shi ne jarin pank, amma shi ma sai an tace. Akwai fushin da ke nuna maka mutum da abin da aka yi masa, akwai kuma taken gangami da aka ɗora wa ganga. Idles na Bristol misali ne mai amfani, domin sun yi duka biyun. Jagoransu Joe Talbot ya sha cewa su ba 'yan pank ba ne, amma a wannan layi jama'a suka ajiye su. A kundinsu na 2018, Joy as an Act of Resistance, da suka tashi kare baƙi 'yan ci-rani ba lacca suka yi ba. Waƙa suka yi wa abokinsu Danny Nedelko, ɗan asalin Yukiren, suka sa mata sunansa, sai mai sauraro ya ga mutum a gabansa. A cikin kundin akwai waƙar da Talbot ya yi wa 'yarsa da aka haifa babu rai, wadda ba mai jin ta ya yi shakkar daga ina ta fito. Bayan shekara biyu suka saki Ultra Mono, ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya, amma a ganina bai kai na baya ba. Baitoci da yawa sun koma take, kuma waƙar Model Village ta yi wa mutanen ƙananan garuruwa kuɗin goro, ta mayar da su duka masu ƙyamar baƙo. Masu sharhi da dama sun faɗi haka tun a lokacin, kuma kundin da ya biyo, Crawler na 2021, ya koma kan rayuwar Talbot da famansa da shaye-shaye. Kana iya yarda da ra'ayin mawaƙi ɗari bisa ɗari, ka kuma rubuta cewa bai faɗe shi da kyau ba. Wannan yana da wuya a rubuta, amma shi ne aikin.

Wani abin da ke ruɗar sabon hannu shi ne labarin da ke kewaye da ƙungiya. A Mayun 2021 bidiyon wasu 'yan mata huɗu, The Linda Lindas, ya zaga duniya. Shekarunsu tsakanin 10 da 16, suna wasa a ɗakin karatu na birnin Los Angeles, suna rera waƙar da ta samo asali daga maganar da wani yaro ya gaya wa ƙaramarsu a makaranta, cewa babansa ya ce ya nisanci 'yan Sin. Nan da nan kamfanin Epitaph ya ɗauke su. Labari ne mai taɓa zuciya, kuma ya cancanci a ba da shi. Sai dai labari ba ya fita ta lasifika. In za ka yi sharhin kundinsu na 2022 ko na 2024, sai ka faɗi wace waƙa ce ta tsaya da ƙafarta ko da ba a san shekarun masu ita ba, ka kuma sanar da mai karatu cewa mahaifin biyu daga cikinsu, Carlos de la Garza, ƙwararren furodusa ne kuma shi ya yi musu aikin. Wannan ba rage musu daraja ba ne. Ɗaukarsu da muhimmanci ke nan, kamar yadda za a ɗauki kowane mawaƙi.

Za ka kuma ci karo da zargin cewa ƙungiya ta sayar da kanta. Wannan zargi sa'an pank ne. The Clash sun sa hannu da kamfanin CBS a Janairun 1977 kan fam 100,000, tun a lokacin wasu suka ce shi ke nan pank ya mutu, sai ga shi a ƙarshen 1979 sun fitar da London Calling. Green Day sun tashi a wani ɗan zauren wasa da ke lamba 924 a titin Gilman, a Berkeley, kuma da suka koma babban kamfani gabanin Dookie na 1994 aka hana su wasa a wurin. A zamaninmu Turnstile na Baltimore ne ke shan wannan magana. Daga reshen pank mafi zafi da gudu suka fito, sai a Glow On na 2021 suka shigo da sauti mai laushi, da ƙananan ganguna irin na Latin Amurka, da baƙon mawaƙi Blood Orange, har suka shiga takarar kyautar waƙa ta Grammy. Kada ka ɓata takarda kan wa ya biya kuɗin sutudiyo. Ka saurara ko sabon adon ya ƙara wa waƙar ƙarfi ko ya rage. A wannan kundi, wuraren da aka sassauta su ne suka sa dukan ya fi shiga jiki in ya dawo. Da adon ya danne gangar, da na faɗi haka ko da a ɗakin kwanansu suka ɗauki aikin.

Yanzu dattawa. Mujallar Rolling Stone ta Amurka ta bar misalai biyu da ya kamata kowane mai sharhi ya sani. A 2001 Jann Wenner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ya ba kundin da Mick Jagger, mawaƙin ƙungiyar Rolling Stones, ya yi na ƙashin kansa, Goddess in the Doorway, tauraro biyar cif, makin da ake ajiye wa aikin da ba ya tsufa. Yau ba a ko ambaton kundin in ana lissafin manyan ayyukan Jagger. A 2014 kuma mujallar ta zaɓi Songs of Innocence na U2 a matsayin kundin shekara, alhali abin da aka fi tunawa game da shi shi ne yadda Apple ya cusa shi cikin na'urorin mutane ba su nema ba. Kara ke nan. Alamarta a rubutu jimla ce ɗaya da za ka yi ta gani: wai wannan ne mafi kyawun aikinsu tun kundi kaza na shekara 30 baya. In ka ji hannunka zai rubuta ta, ka dakata, ka ɗauko kundayen da ke tsakani ka saurare su tukuna.

Kishiyar kara raini ce, wato a ce tsoho ya je ya huta, me ya rage masa. Ita ma makanta ce. David Bowie ya saki Blackstar ranar 8 ga Janairun 2016, ranar da ya cika shekara 69, tare da makaɗan jaz na New York da ba su da alaƙa da tsohon sautinsa, ya rasu bayan kwana biyu. Leonard Cohen ya saki You Want It Darker a Oktoban wannan shekara yana da 82, ya rasu a Nuwamba. Johnny Cash ya yi wasu daga cikin ayyukansa mafi nauyi tare da furodusa Rick Rubin daga 1994 har zuwa rasuwarsa a 2003, muryarsa tana rawa, numfashinsa yana yankewa. Muryar da ta tsufa ba lalacewa ta yi ba, wani kayan aiki ta zama. Abin dubawa shi ne ko mai ita ya rubuta waƙar da ta dace da muryar da yake da ita yau, ko kuwa yana bin muryar da ya bari a 1975, na'ura tana tallafa masa.

Mu ɗauki Hackney Diamonds na Rolling Stones, wanda ya fito a Oktoban 2023. Shi ne kundinsu na sababbin waƙoƙi na farko tun 2005. Jagger yana da shekara 80. Makaɗin gangarsu Charlie Watts ya rasu a 2021, amma akwai hannunsa a waƙa biyu da aka ɗauka kafin rasuwarsa, Steve Jordan kuma ya gaje kujerarsa. An gayyato Paul McCartney, da Elton John, da Stevie Wonder, da Lady Gaga. Duk wannan kamfani zai rubuto maka a takardar talla, kuma aikinka yana farawa ne daga inda takardar ta ƙare. Da kunne za ka ji cewa muryar Jagger ba ta faɗi ba, abin mamaki ƙwarai. Za ka ji dukan Jordan ya fi na Watts nauyi da tsayuwa, shi kuwa Watts yakan ɗan jinkirta hannu, kuma wannan ɗan jinkiri shi ne rangajin da aka san Stones da shi. Za ka ji Sweet Sounds of Heaven a ƙarshenta ta fi rai, inda waƙar ta kusa tsayawa aka sake tayar da ita, Jagger da Gaga suna jefa wa juna murya. Wurin da ya fi ko'ina gaskiya kuwa shi ne waƙar rufewa, inda Jagger da makaɗin jitarsu Keith Richards su biyu, da jita da hamonika, suka rera tsohuwar waƙar Muddy Waters da sunan ƙungiyarsu ya fito daga cikinta. Hukuncina shi ne kundi ne mai kyau, na mutanen da suka so nuna cewa da sauransu, kuma sun nuna. Amma kaɗan ne daga waƙoƙinsa suka yarda cewa masu yin su sun doshi 80. Ya ci Grammy a 2025, wannan bai canja abin da na ji ba.

Ka riƙa duba sunan furodusa. Andrew Watt, haihuwar 1990, shi ya yi wa Stones wannan aiki, shi ya yi wa Ozzy Osbourne kundayensa biyu na ƙarshe, ya yi wa Iggy Pop a 2023, da Pearl Jam a 2024. Baiwarsa ita ce yakan sa dattawa su tashi su gama aiki, su tuna abin da ya sa aka so su. Aibinsa a kunnena shi ne komai yana fitowa da ƙyalli da ƙara iri ɗaya, an matse sautin har tazarar da ke tsakanin wurin sanyi da wurin zafi ta ƙanƙance. Wannan matsi tsohuwar cuta ce a sana'ar. A 2008 masoya Metallica sun yi ta ƙorafi kan Death Magnetic domin an ƙure ƙararsa har sauti yana tsagewa, suka kuma gano cewa waƙoƙin da aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi na faifan daɗin ji. In kunnenka ya gaji bayan 'yan waƙoƙi ba ka san dalili ba, sau da yawa wannan ne, kuma haƙƙin mai karatu ne ka gaya masa.

Sai ka ajiye wannan kusa da The Cure. Songs of a Lost World ya fito ranar 1 ga Nuwamban 2024, bayan shekara 16 ba su saki kundi ba. Waƙa 8 ce kacal. Jagoransu Robert Smith ya rasa mahaifiyarsa da mahaifinsa da yayansa a shekarun da yake aikin, kuma ɗaya daga cikin waƙoƙin kai tsaye take magana kan rasuwar yayan. A waƙar farko sai an yi fiye da minti 3 ana kiɗa kafin ya buɗe baki, ta ƙarshe kuma ta haura minti 10. Babu jerin baƙin taurari. Wannan kundi ya amsa tambayar da nake yi wa dattawa tun kafin in yi ta, domin mutum mai shekara 65 ne ya fito da shi, kuma Smith na shekara 25 ba zai iya ba. Abin da nake nema wurin babba ke nan, ya ba ni abin da shekaru suka ba shi.

Ba ina nufin dole kowane dattijo ya koma waƙar mutuwa ba. AC/DC sun fitar da Power Up a 2020, sautinsa shi ne dai wanda aka sani tun shekarun 1980, kuma an gina waƙoƙin daga abin da makaɗin jitarsu Angus Young ya tara tare da yayansa Malcolm, wanda ya rasu a 2017. Rashin canji ba laifi ba ne ga ƙungiyar da ba ta taɓa alkawarin canji ba. Tambayar a nan ƙarama ce: cikin waƙa 12, nawa ne za su iya tsayawa kusa da tsofaffin a dandali jama'a ba su huce ba? In biyu ne, ka ce biyu ne. Ka kuma lura da tsawo, domin babu mai iya ce wa babban tauraro ya yanke. 72 Seasons na Metallica, na 2023, minti 77 ne, kuma da an rage masa da ya fi ƙarfi.

Waɗanda suka fi wuyar sharhi su ne 'yan pank da suka manyanta, domin tambayoyin biyu duka suna kansu. Green Day sun saki Saviors a Janairun 2024 tare da Rob Cavallo, furodusan da ya yi musu Dookie da American Idiot, mawaƙinsu Billie Joe Armstrong ya haura 50. Inda ya yi waƙa kan famansa da giya da kuma zamansa uba, na yarda da shi nan take. Inda ya jera matsalolin Amurka kuwa, sai na ji kamar kanun labarai ake karanta min da kiɗa.

Game da yadda za ka yi aikin kansa, babban abokin gabarka gaggawa ce. Tun Yulin 2015 ranar Juma'a ake sakin sababbin kundaye a duniya baki ɗaya, kuma kowa yana so nasa sharhin ya riga fita. Tarihi ya nuna inda wannan ke kai mutum. A Agustan 1997 jaridun Birtaniya sun yi wa Be Here Now na Oasis ruwan yabo, ba a daɗe ba aka dawo ana janye maganar, har shi Noel Gallagher da ya rubuta waƙoƙin ya zo yana kushe kundin. Ta ɗaya gefen, Rolling Stone ta kushe kundin farko na Led Zeppelin a 1969, da na Black Sabbath a 1970. Kai ba ka da editan da ke tsaye a kanka, don haka ka yi amfani da wannan dama. Ka saurara a ranaku daban-daban, da iyafis, da lasifika mai kyau in ka samu, sannan da bakin waya, tunda ta nan yawancin masu karatunka za su ji shi. Kada ka karanta sharhin kowa sai ka rubuta naka a takarda. In pank ne, ka nemi bidiyon wasansu a gaban jama'a, domin akwai ƙungiyar da wutarta a dandali take, sutudiyo ya kasa kamo ta, kuma faɗin haka ma sharhi ne. Maki kuwa, ko tauraro ko lamba, kada ka bari ya yi maka magana. Shafin Pitchfork ya ba kundin Liz Phair na 2003 sifili, daga baya marubucin ya nemi afuwa, shafin kuma ya sake makin.

Ka kiyayi kwatance mai arha, wato a ce wane kamar wane yake, a tsaya nan. Mu ma abin ya shafe mu. Mdou Moctar, Ba'abzinen makaɗin jita daga Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da tasirin waƙoƙin Hausa na zamani a cikinsa, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya. Yau yana tare da kamfanin Matador na Amurka, mai kaɗa masa jitar bes, Mikey Coltun, daga fagen pank na Washington ya fito, kuma Funeral for Justice na 2024 kundin rok ne mai zafi da ke magana kan Faransa da makomar harshen Tamashek. 'Yan jaridar Turai da Amurka sun yi ta kiransa Hendrix na Sahara, domin Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jitar Amurka, suka sani. Shi kuwa Abdallah Oumbadougou yake ambata a matsayin wanda ya sa shi son jita, kuma a wuraren biki hannunsa ya faɗa. Mai sharhin da ya san kiɗan bikin Agadas zai ji abin da wancan ba zai ji ba. Haka abin yake in ka juya shi: in ka ce wata ƙungiyar Bristol kamar The Clash take, ka faɗi a ina, a ganga ne, ko a amshi, ko a siyasa, sannan ka faɗi inda suka rabu.

Tunda da Hausa za ka rubuta, akwai nauyi biyu da marubucin Landan ba ya ɗauke da su. Mai karatunka wataƙila bai taɓa jin ƙungiyar ba, kuma Turancin waƙa ba Turancin makaranta ba ne, saboda haka sai ka gaya masa a taƙaice me waƙar ke cewa, da bakinka, ba tare da ka kwafo baitoci ba. Sannan pank cike yake da ashar da maganar da ba a yi a gaban manya. Ka faɗa masa a fili, don kada ya kunna a cikin gida ya ji kunya. Zafin alƙalami kuma ka san inda za ka kai shi. Gaskiya ɗaya za ka gaya wa kowa, amma yaran da suka ɗauki faifan farko da kuɗin aljihunsu suka ɗora a shafin sayar da waƙa na Bandcamp, in aikin bai yi ba, ka nuna musu inda ya gaza da abin da ke da alamar tsira. Ƙungiyar da ke cika filin ƙwallo, da kamfani da masu talla a bayanta, ba ta buƙatar sassaucinka.

In kana neman inda za ka gwada hannu, ga kundaye biyu da mako ɗaya ne tsakaninsu: Cartoon Darkness na Amyl and the Sniffers, na 25 ga Oktoban 2024, da na The Cure da na ambata. A na farkon, ka duba abin da furodusa Nick Launay ya ƙara musu, da ko waƙoƙin da Taylor ta sassauta murya a cikinsu, irin Big Dreams, sun riƙe ka kamar masu gudun. Ka sani waƙar buɗewarsa ashar ce daga farko har ƙarshe. A na biyun, ka duba ko dogon kiɗan da ke gaban kowace murya yana gina wani abu ko jira kawai yake sa ka. Ka rubuta kowanne a shafi ɗaya, ba tauraro, ba lamba. In ka gama, ka ba wanda bai taɓa jin ko ɗaya ba ya karanta, ka tambaye shi wanne zai fara nema, da abin da yake sa ran ji a minti na farko.